Langar da Na Bari a Hannun Marka

Bismillahi. Gyara zama, Uwani, ki ɗora takardar a cinyarki, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. In kin ji na yi shiru ki jira ni, kuka ne, zai wuce. Tun ranar da aka aiko mini uwarki ta rasu idona bai bushe ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba, don ɓoyo ne ya kawo ni inda nake. Uwani zan riƙa ce miki, saboda sunan Innata uwarki ta sa miki, bakina ba zai kama shi ba. Jiya kin shigo gidan nan da langa ƙunshe cikin ɗankwali. Kin ce za ku buga takardar sadakar arba'in, kuna so ku sa ranar da aka haifi uwarki, ita kuma kafin ta cika ta ce muku ranar da ke cikin fasfonta ba ita ba ce, ku zo Fagam ku tambayi mai langar nan. Sannan kika isar da saƙon da ta ba ki, kika ga na tuntsire da dariya, dariyar ta juye kuka, har kika miƙe za ki kira surukata. Ban taɓu ba. Yau zan kai ki har wurin dariyar, sai dai hanyar da ɗan nisa.

Mu a nan Marka muke ce mata, don a tsakiyar marka aka haife ta. Innata ce ta ba mu labarin, kullum in tana tsefe mana kai sai ta maimaita. Ta ce kwana bakwai sama ba ta ɗauke ba, gero ya yi bununi, ɗakuna suna yoyo, itace duk ya jiƙe sai da aka fasa tsohon turmi aka hura wuta. Ni lokacin ina da wata biyu, ina goye a bayan Innata. Kakarki maƙwabciyarmu ce, danga kawai ta raba mu. Ta haihu da hantsi ranar Laraba, jini ya ƙi tsayawa, rafi ya cika ya tumbatsa, babu hanyar kai ta ko'ina. Aka dama mata kunun kanwa irin na maijego, aka kawo a ƙwarya yana tururi, aka ɗago kanta. Ta dubi ƙwaryar, ba ta kai ga kurɓa ba. Kafin azahar ta cika. Innata ta ce tana tsaye tana kuka sai tsohuwar ungozoma ta miƙo mata jaririya da hannu ɗaya, ƙwaryar da ɗaya hannun, ta ce, "Zauna ki shanye. Yanzu baki biyu ke jiran ƙirjinki, kukan ya jira." Ta zauna ta sha, hawaye na ɗiga a ciki. Da wannan kunun aka shayar da mu, ni a dama, uwarki a hagu. Rubuta wannan da kyau, don duk abin da zai biyo baya daga ƙwaryar nan ya fito.

Muka tashi ba a gane wacce ce 'yar gida. Tabarma ɗaya, akushi ɗaya, in an doke ni ita ke kuka. Garin nan da ba haka yake ba. Da asuba ba waya ke tashin mutum ba, daka ce. Kina kwance za ki ji turmi ya amsa daga gidan gabas, wani ya karɓa daga bakin dutse, kafin gari ya waye duk Fagam ta ɗauka, har kina iya gane hannun kowace mace ba tare da kin gan ta ba. Ni da Marka turmi ɗaya muke tsayawa mu yi lugude, ta saki na ɗauka, na saki ta ɗauka, mu jefa taɓarya sama mu tafa mu cafe. Ba mu taɓa gwara taɓarya ba ko sau ɗaya. Mata kan leƙo ta danga su ce, "'Yan biyun nan za su fasa turmin mutane." Yanzu tafi ki saurara da asuba, ba za ki ji komai ba sai babur da injin niƙa. 'Yan matan gidan nan in kin ba su taɓarya sai su riƙe ta kamar an ba su maciji. Ba laifinsu ba ne, sun huta. Amma ni na rasa abin da nake gane garinmu da shi.

Muna da kamar shekara bakwai aka aiko wa dagaci cewa kowace unguwa ta ba da yara a kai makarantar boko. A lokacin wannan labari kamar na mutuwa yake. Ranar da masu rubuta suna suka zo, Babana ya ɗauke ni cak ya jefa ni cikin rumbu, ya ja murfi, ya ce in na yi tari sai ya yanka ni. Ina cikin dawa ina jin muryoyi a zaure. Dole gidajenmu su ba da yaro ɗaya, sai aka duba aka ga wadda ba ta da uwar da za ta yi birgima a ƙasa. Innata ta yi magana, aka ce mata ba ita ta haife ta ba. Da aka fito da ni da yamma, jikina duk ƙaiƙayi, sai na ga Marka a bakin danga an aske mata gefen kai an ɗaura mata sabon zane. Ta ce mini, "Kin ɓuya ba ki kira ni ba." Ina dariya na ce rumbun ba zai ɗauke mu mu biyu ba. Yarinta ce. Daga nan aka kai ta Birnin Kudu, daga can Kano, sai hutu muke ganin ta. Duk zuwa takan ƙara tsawo ta rage surutu, amma in ta ajiye akwati turmi take fara nema.

Aka yi mini aure da Malam, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne a Gwaram. Mutum ne mai barkwanci, ko faɗa yake yi sai ka yi dariya. Shekararmu ta biyu gwamnati ta ce za ta tura shi karatu Ingila. Ya ce shi ba zai ci dafaffen ganye shekara biyu ba, sai dai a haɗa da mai tuƙa masa tuwo. Ni kuwa ba tuwon ne ya sa na yarda ba. Na ji an ce garin da za a kai shi nan Marka take karatun aikin nas. Ina da ƙaramin ciki lokacin. Ana gobe za mu tafi Innata ta ɗauko langar nan daga cikin kayan ɗakina, wannan mai jan fure da kike gani, ta cika ta da surfaffen gero, ta tusa dunƙulen kanwa a tsakiya, ta ƙulla yaji a tsumma ta ɗora, ta rufe ta ɗaure. Ta ce, "Ban san abin da matan can suke sha in sun haihu ba. Wannan na jegonki ne. Ko yunwa za ta kashe ku kada ki taɓa shi sai ranar."

Sunan garin bakina bai taɓa iya faɗa ba, kada ki wahalar da ni. Abin da na sani, ɗaki ɗaya aka ba mu a saman bene, wata tsohuwar Baturiya mai gidan tana ƙasa. Babu zakara, babu kiran salla, babu mai sallama. Rana kan fito kamar an tilasta mata, kafin la'asar ta gudu. Malam ya fita tun safe, ni in zauna bakin taga in kalli mutane suna sauri kamar an yi gobara, ba mai ce wa wani sannu. Marka ce kaɗai garina. Ranar da muka sauka ta rungume ni a tasha tana kuka cikin wata ƙatuwar riga, ni ban ma gane ta ba sai da ta yi magana. Farko duk Lahadi tana zuwa. In yi mata kitso, mu tuƙa garin alkama mu kira shi tuwo, ta kwanta a cinyata ta ce in ba ta labarin kowa har awakin gida. Sannan ta koma Lahadi ɗaya a wata. Sannan sai saƙo ta bakin Malam, jarrabawa, aiki, gajiya. Na san takun ƙafarta a kan bene, kuma na yi makonni ina kasa kunne ban ji shi ba. Tsoro ya kama ni, irin na wanda ya ga rijiyar gidansu tana ja da baya.

Ana cikin tsananin sanyi, ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai Malam ya shigo da wata 'yar takarda ya ce, "Ƙawarki ta gayyace mu ranar Asabar. Ranar haihuwarta ce ta zagayo, 'yan ajinsu za su yi mata taro."

Na ce, "Wace ƙawar tawa?"

"Kina da wata a ƙasar nan?"

"Malam, Marka fa. A cikin wannan ƙanƙarar? Ko sunan bai ishe su shaida ba?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ai hedimasta ne ya haife su, ya rubuta wa duk ajin firamarensu rana ɗaya, ranar farko ta shekarar Bature. Ni ma ranar ya haife ni. Namijin ƙoƙari ya yi, ko ungozoma bai kira ba."

Na ce to me ake yi a wurin. Ya ce ana kai kyauta, a ci a sha, a kunna kyandir a kan wani burodi mai zaƙi, mai ranar ta hure a tafa mata. Na ce, "Ita da aka haifa? Me ta yi? Wadda ta sha wahalar fa?" Ya ce wannan ba a zancenta. Yanzu ga shi abin ya zo har gidan nan. Jikokina kowane wata sai an sayo kek daga Gwaram, a shafa wa yaro a hanci a ɗauke shi hoto a waya, uwar tana can bakin murhu tana wanke kwanuka. Ni har yau in na ji an ce ranar haihuwa, uwar nake fara tunawa.

Kwana biyu ina tunanin abin da zan kai. Duk abin da ke cikin kanti ƙawayenta sun fi ni sanin mai kyau. Sai na ga abu ɗaya nake da shi wanda duk Ingila babu mai shi, na san abin da ya faru ranar da aka haife ta. A raina na ce, in dai ranar ake tunawa, to akwai ƙwaryar da aka kawo ranar mai ita ba ta sha ba. Bari in dama, 'yarta ta sha a madadinta, mu yi mata addu'a. Na ɗauka in Marka ta buɗe ta ji ƙamshin za ta tuna ko ni wace ce, ta dawo mini. Na jawo langar daga ƙarƙashin gado na kwance ɗaurin Innata. Malam ya ce, "Ke, na jegonki ne fa, saura wata biyu. Me za ki ce wa Inna?" Na ce, "Innar ce ta shayar da ita."

Babu turmi a ƙasar. Na jiƙa geron ya kwana, na tsane shi, na shimfiɗa a kan tire a ƙasa, na ɗauki kwalbar madara irin wadda ake ajiye mana a bakin ƙofa kowace safiya, na durƙusa da cikina ina murzawa. Tsohuwar ƙasa ta riƙa bugun rufin ɗakinta da sandar tsintsiya, in ta buga in tsaya, in ta yi shiru in ci gaba. Malam ya ce yau ga lugude da Baturiya. Wuni biyu na yi, tafin hannuna ya yi kanta, na tankaɗe da ɗankwalina. Ranar Asabar na dama. Da ƙamshin kanwa da citta ya tashi a ɗakin nan sai da na zauna na yi kuka, kamar Innata ce za ta ɗaga labule ta shigo. Ko cokali ɗaya ban sha ba. Na juye a langa, na naɗe da tawul, na rungume a ƙirji muka hau bas.

Ɗakin cike yake, Turawa da 'yan Indiya da 'yan ƙasarmu kaɗan, kiɗa na tashi, kowa da kofi a hannu a tsaye kamar babu kujera. Na hango ta cikin doguwar riga shuɗiya, ta warware kitson da na yi mata. Murna ta ɗebe ni na ɗaga murya na ce, "Marka!" Kowa ya waiwayo. Ta taho da sauri tana murmushi, ta kama hannuna, ta ce a hankali, "Kada ki kira ni haka a nan." Su sunanta na yanka suke kira, a karkace. Ta juya ta yi wa ƙawayenta Turanci tana nuna ni, suka gyaɗa mini kai. Aka fara miƙa kyauta, wannan turare, wannan littafi. Da aka zo kaina na taka har teburin, na ajiye langa kusa da kek ɗin, na warware tawul, na ɗaga murfi. Tururi ya tashi. Wata Baturiya ta leƙa ta ja da baya tana taɓa hanci. Sai wani ɗan ƙasarmu, Bakano mai bakin tsiya, ya shaƙa ya ce da ƙarfi, "Kai! Kunun kanwa! Malam, ashe suna muka zo ba a faɗa mana ba? Ina maijegon? Ina ragon?" Ya juya ya fassara musu, ɗakin ya ɗauki dariya, wasu suna nuna cikin uwarki suna tafi. Budurwa ce lokacin, ki tuna. Na ga fuskarta ta canza. Ta mayar da murfin da sauri, ta ɗauke langar, ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Haba ke kuwa, wannan ai ba wurinsa ba ne." Ta shige kicin da ita ta dawo hannu wofi. Aka kunna kyandir, ta hure, aka tafa. Aka ba ni kek a 'yar takarda, na riƙe shi har ya narke a hannuna.

A cikin bas na ce wa Malam, "Da ta nuna ni, me ta ce musu?" Ya ce ga wani kanti can mai kyau. Na sake tambaya. Ya ce sanyin yau ya fi na jiya. Na ce in bai faɗa ba zan sauka in zauna a kan ƙanƙara. Sai ya ce, "Ta ce ke matar wani ɗan garinsu ce."

"Ba ta ce 'yar'uwarta ba?"

"Wataƙila ta ga bayanin zai yi tsawo."

Dariyar ɗakin ba ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Matar wani. Ni da muka sha nono ɗaya.

Washegari da hantsi na ji takun da na yi makonni ina jira. Malam ya fita. Ta ƙwanƙwasa, na yi shiru. Ta ce, "Na san kina ciki, ina jin numfashinki. Buɗe mana." Na ce, "Ɗan garinku ba ya nan, matarsa ce kawai." Sannan ta ce, "Na sha fa. Da suka watse na tsaya a kicin na sha shi da sanyinsa. Na san kunun waye ne. Wallahi na san na waye ne." Uwani, hannuna yana kan sakata. Ja ɗaya ya rage in buɗe. Na cire hannun na koma bakin gado. Na ji ta sauka a hankali, tana tsayawa a kowace matakala.

Na haihu a asibitinsu, namiji, babban yayanku da ke Dutse yanzu. Shayi suka ba ni da busasshen burodi. Nono ya ƙi zuwa sai da ƙyar, yaro na kuka ina kuka, langa babu, gero babu. Kwana uku da komawata gida sai ga uwarki, Malam ya buɗe mata. Ta ɗauki yaron tana yi masa wasa, ni na juya fuska bango, na fake da kunyar ɗan fari. Sai ta ajiye wata jakar takarda a gefena ta ce, "Na samo miki gero. Kanwar ce na rasa." Na jawo jakar. Ni ban iya karatu ba, amma ina da ido. A jikin jakar hoton wani ɗan koren tsuntsu ne a cikin keji. A ƙasar nan mutane ba sa cin gero, tsuntsayen da suke kiwo a ɗaki ake saya wa. Na ce, "Malam, wannan na mene ne?" Ya sosa ƙeya ya ce gero dai gero ne. Na tura jakar ta faɗi ƙasa ta fashe, na ce, "Na ba ki na Innata, kin kawo mini abincin tsuntsu. Haka kika mai da ni?" Ta durƙusa tana tattara ƙwayoyin da hannu, ɗaya-ɗaya, ba ta ɗago ba. Daga baya Malam ya ce mini kwana huɗu ta yi tana yawo kanti-kanti a cikin sanyi bayan ta tashi daga aiki, har wani gari ta je a jirgin ƙasa. Na ji, na ce ita ta sani.

Muka dawo gida, ita ta zauna can ta ƙarasa, ta yi aiki a Kaduna, ta yi aure. Mu mata muna da al'ada, in an kawo miki abinci a kwano ba kya mayar da shi wofi, kuma muddin kwanon wata yana hannunki kina da dalilin shiga gidanta. Langata tana hannun uwarki, ni da ita duk mun san abin da wannan ke nufi. Da aka haife ki ta aiko har Fagam cewa ta yi wa Inna takwara. Innata ta tafi suna da tsufanta, ta dawo tana tambayata me ya shiga tsakaninmu, na ce nisa ne. Da uwarki ta bar aiki ta dawo Birnin Kudu, tafiyar da mota ke yi kafin tuwo ya nuna, mukan haɗu a wurin biki ko gaisuwar mutuwa, mu gaisa kamar surukai. Ina kwana, lafiya lau, ya yara. Na riƙe abin har na manta nauyinsa, ya zama kamar wani ƙashi a jikina.

Shekara shida ke nan Malam ya rasu. Ina cikin takaba a ɗakin nan uwarki ta shigo, ta zauna daidai inda kike zaune, gashinta fari fat kamar nawa. Da mata suka ragu ta matso ta ce, "Langarki fa tana wurina. In kawo miki?" Ta sa mini ido tana jira. Kalma ɗaya ce, in ce kawo. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Riƙe kawai, ai na sayi wata." Ta gyaɗa kai, ta yi mini addu'a, ta nemi takalmanta. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Dakata, bari in share fuska.

Tun da ta rasu nake juya abin, kuma ba ranar taron nake komawa ba, rumbu nake komawa. Ni aka ɓoye, ita aka miƙa. Tana da shekara bakwai aka kai ta cikin baƙi, aka yi mata dariyar zane, dariyar magana, dariyar suna, ta yi shekaru tana koyon yadda za ta tsaya a ɗaki ba a nuna ta ba. Ni da na kwana a gaban uwata har aka kai ni ɗakin miji, na je na buɗe mata ƙauye a kan tebur, ta ji kunya na minti ɗaya, na hukunta ta shekara hamsin. Ban taɓa tambayarta wa ya tsefe mata kai a makarantar kwana ba. Ta zo ƙofata, ta zo da gero, ta sa sunan uwata, ta zo takabata. Sau huɗu tana ƙwanƙwasawa. Na sha cewa bari damina ta wuce in je, bari a yi girbi in je. Ina ganin kamar tana nan ajiye, kamar langar.

Jiya da kika kwance ɗankwalin na ɗaga murfi, sai ga surfaffen gero fal, dunƙulen kanwa a tsakiya, yaji a ƙulle a tsumma, daidai yadda Innata ta shirya. Kika ce na gonarta ne ta Wurno, ita ta sa aka surfa tana kwance. Kika ce duk shekara in marka ta kankama takan dama kunu a langar nan ta shiga ɗaki ta sha ita kaɗai, ba ta taɓa faɗa muku dalili ba. Sannan kika ce, "Ta ce in gaya miki, wai wannan ba na tsuntsu ba ne." To kin ji abin da ya ba ni dariya. Tana kan gadon mutuwa tana tsokanata, ja'ira. Allah ya jiƙanki, Marka, ya haɗa ki da uwar da ba ki gani ba, ya haɗa ki da wadda ta shayar da ke. Ki yafe mini. Rubuta haka, da sunan da ta hana ni kira. Rubuta kuma cewa 'yar'uwata ce, ba matar kowa ba, ba 'yar garin kowa ba.

Zancen takardarku kuwa, ba ni da lamba da zan ba ki. Ku sa ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar marka, gero yana bununi, kwana na bakwai da fara ruwa. In mai bugawa ya ce wurin ba zai ɗauka ba, ya rage girman hoton.

Yanzu ajiye biron. Turmi yana bayan rumbu, taɓarya biyu ce a jingine. Kin ce ba ki iya lugude ba, ba komai, ni ma hannun ya mutu, za mu yi a hankali. In mun dama mu sha, a kai wa maƙwabta sadaka. Sauran kuma zan zuba miki a langar ki tafi da ita Birnin Kudu. A'a, kada ki ce tawa ce. Na san tawa ce. Ki tafi da ita, ki kawo mini.